Yadda Za Ka Zama Gwanin Lissafin Gaya da Dubu Goma da Ɗaya

Ya kai mai karatu, in kana so a riƙa nuna ka da baki a kasuwar Gaya ana cewa ga gwanin lissafi can, ba sai ka je Dakar ba. Ba sai ka iya lissafi ba ma. Lamba ɗaya ta ishe ka, muddin ka san yadda ake riƙe ta. Ka bi matakan nan tara bi da bi, na yi maka alkawari kafin gero ya fitar da kai sunanka ya kai Doso, an kuma ƙara maka girma. An gwada hanyar, ta yi aiki.

Wanda ya gwada ta shi ne Malam Sallau, malamin aji huɗu a lakwal ɗin garin nan, wato makarantar boko, shekara biyu bayan samun 'yancin kai. Ga abin da ya tura shi. Takarda ta zo daga Doso cewa an buɗe sabuwar lakwal a Junju, za a ɗauki malami ɗaya daga Gaya a kai can. Ansfekta, wato mai duba makarantu, zai zo ranar rabon kyaututtuka ya zaɓa da idonsa. Kowa kuwa ya san wanda ake zaɓa: wanda in ya tafi ba za a lura ba. Sallau ya dubi sauran malamai, ya dubi kansa, ya gane shi ake nufi.

Matarsa Bibata 'yar masunta ce, a bakin Kwara aka yanke mata cibiya, sana'arta bandar kifi. Da ya gaya mata zancen, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, in an kai ka garin da ba kogi, ka gaishe min da su. Ni ina nan."

To, ka ji abin da ke gaban mutumin. Saura makonni uku. Mu fara.

Mataki na ɗaya: Samo lambar da ta fi ƙarfin haƙurin jama'a

Kada ka ɗauki ƙarama. Goma sha bakwai, kowace mai tallan ƙosai ta san ta ciki da waje. Kada kuma ka zarce zuwa miliyan, za a ce ƙarya kake yi. Nemi wadda mutum zai iya faɗa da numfashi ɗaya amma ba zai yarda ya zauna ya ƙirga ba.

Kuma kada ka ƙirƙira. Tsinto ta, don ta zo da ƙurar gari a jikinta.

Sallau ya tsinci tasa a rumbun gyaɗa na bakin gada, inda ya je aron tawada. Don kada a ce aro kawai ya kawo shi, sai ya tambayi magatakardan rumbun buhu nawa suka haye zuwa Malanbil a kakar da ta wuce. Magatakarda, bakinsa cike da goro, ya ce, "Dubu goma da ɗaya."

Sallau ya manta da tawadar, ya koma gida yana maimaita lambar a hankali kamar mai tsoron kada ta zube a hanya.

Lura: bai tambayi magatakarda yadda aka yi ya san haka ba. Kai ma kada ka tambaya. Mai yawan tambaya ɗalibi ne, kai kuwa gwani kake son zama.

Mataki na biyu: Binciki halinta kamar za ka aure ta

Rubuta ta a babban allo: 10001. Ja da baya taku uku, ka goya hannu, ka ce "Uhm." In akwai yara a aji, ka ce sau biyu.

Yanzu tara halayenta. Sallau ya samu huɗu a yini guda.

Na farko, ba ta rabuwa biyu daidai. Kullum sai ɗaya ya rage yana tsaye shi kaɗai kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Na biyu, in ka karanta ta daga hagu irin na 'yan boko, ko daga dama irin na malaman zaure, abu ɗaya take faɗa. Wannan babban hali ne a garin da malaman biyu ba su cika yarda da juna a kan komai ba.

Na uku, ɗari sau ɗari ce da ɗaya a kai. Wato ka jera sojoji sahu ɗari, kowane sahu mutum ɗari, ka tsayar da kumandan a gaba. Riƙe wannan misalin da kyau, manya suna son lissafin da akwai kumandan a ciki.

Na huɗu, in ka haɗa alƙalumanta biyar, biyu kacal za ka samu. Babba ce a ido, mai tawali'u a ciki. Wannan ba ya nufin komai, amma ka faɗe shi da murya ƙasa-ƙasa.

Mataki na uku: Gwada raba ta, amma ka san inda ake tsayawa

Nan ne kasuwar take ci. A cikin lambobi akwai wasu 'yan taurin kai waɗanda ba sa rabuwa kashi-kashi daidai ko ta yaya, kamar bakwai, kamar goma sha uku. Su ne sarakunan lambobi. In taka tana cikinsu, ka gama.

Littafi ya ce, don ka tabbatar da lamba mai girman wannan, akwai masu rabawa ashirin da biyar da za ka gwada, duk ƙasa da ɗari. Littafi ba ya sayen alli. A lakwal ɗinsu Sallau, sanda biyu ake ba kowane malami a mako, daraktan kuma yana kulle sauran a akwati, mabuɗin yana rataye a wuyansa tare da laya.

Sallau ya tsaya bayan an tashi, ya fara. Ya raba da uku, biyu suka rage. Da biyar, ɗaya. Da bakwai, biyar. Da sha ɗaya, biyu. Da sha uku, huɗu. Lambar ta tsaya ƙyam. Da sha bakwai, biyar. Da sha tara, bakwai. Yana kan ashirin da uku allin ya zama kamar ƙwayar gero, ya ƙarasa da farce. Sha tara suka rage.

Ya goge zufa, ya dubi allon. Tara sun gwada ta sun kasa, har da lamba biyu da ta kasa tun farko. Wace lamba ce za ta jure mutum tara sannan ta faɗi a hannun na goma? Ya bar sauran sha shidan ga Allah.

Haka ake yi. Gaskiyar da ta kai ashirin da uku ba ta faɗi ba, sauran tafiyar gangara ce.

Mataki na huɗu: Gwada jawabinka a gida, kada ka saurari amsa

Ya tarar da Bibata a bakin murhu tana juya kifi, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Ya tsaya ta inda iska ba ta kaɗowa, ya karanto mata halayen nan huɗu, ya rufe da na biyar.

"Ba ta rabuwa, Bibata. Ko Sarkin Ruwa ya zo da mutanensa duka, ba za su kasa ta daidai ba."

"Ikon Allah. Wa ya ƙirga?"

"Magatakarda."

"Wancan da ko tashi daga kujera sai an kama shi? Ɗaya-ɗaya ya ƙirga buhu dubu goma?"

"Ke ba ki gane ba. Wannan ilimi ne."

"Na gane mana. Ni dai tun da nake, abin da na ga ya ƙi rabuwa ƙashin kan giwan ruwa ne, shi ma da na samo gatari ya yarda. Miƙo min tiren can."

Ya miƙa mata. Kai ma ka miƙa. Amma abin da ya shiga kunnenka na dama, ka tabbatar ya fita kafin a gama cin tuwo.

Mataki na biyar: Raɗa mata suna, ka sake ta a kasuwa

Lamba ba suna kamar akuya ce ba shaida, kowa zai ce tasa ce. Sallau ya sa wa tasa Gagara-Rabo. Ranar Talata ya zauna a rumfar mai shayi ya ambace ta sau uku kamar ba da gangan ba.

Kafin mako ya zagayo, wani tela ya ɗinka 10001 a jikin hula, huluna shida suka ƙare kafin azahar. Wani mai jirgin fito ya rubuta ta a goshin jirginsa, ya ce tun daga ranar ruwa bai ƙara shiga ba. Bai ambaci cewa a ranar ya toshe hujin ba. Wani malamin zaure ya zo da kansa ya karanta ta daga dama, ya ce lalle babu sharri a cikinta. Har wani manomi ya taso tun daga Tanda da zakara a hammata, yana roƙon Sallau ya zo ya auna gonar gadonsu ya shaida cewa ita ma Gagara-Rabo ce, don 'yan'uwansa uku sun dame shi.

Karɓi gaisuwa, ka mayar da zakara. Gwani na gaske ba ya karɓar kaza sai bayan ansfekta ya tafi.

Mataki na shida: Sa babban mutum ya amince kafin ya gane

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, ka karanta shi sau biyu.

Ansfekta ya iso da hantsi a motar gwamnati, dogo, da tabarau da baƙar jaka. Wajen cin abinci, Sallau ya yi dabara ya zauna kusa da shi. Bai ce "Ranka ya daɗe, na gano wani abu" ba. Wanda ya faɗi haka neman Junju yake yi. Cewa ya yi:

"Ranka ya daɗe, na san tun a Doso kun riga kun lura cewa buhunan gyaɗarmu na bana, dubu goma da ɗaya, lamba ce marar rabuwa."

Ansfekta yana tsakar cire ƙaya daga bakinsa. Shekara ashirin rabonsa da raba wani abu da ya wuce malamai. Ya dubi Sallau ta saman tabarau.

"Mun lura," in ji shi.

Da la'asar sakaliya aka taru a filin lakwal. Kumandan mai mulkin yankin yana nan, da sarkin gari, da iyayen yara cike da bencuna. An kafa babban allo a ƙarƙashin bishiyar bedi, 10001 a jiki, kowane sifiri ya kai faifai. Sallau ya fito cikin farin kwat na aro wanda hannayensa suka rufe masa yatsu. Ya jera sojojinsa, ya tsayar da kumandan a gaba, kumandan na gaske ya gyara zama. Ya karanta daga hagu, ya karanta daga dama. Sannan ya ɗaga murya ya ce kamar yadda wannan lamba ta gagari rabo, haka sabuwar ƙasarmu za ta gagari mai son raba ta.

Fili ya ɗauki tafi. Ansfekta ya ga tafin ya yi yawa a bar wa malamin aji huɗu shi kaɗai. Ya miƙe, ya faɗa da Faransanci, ya maimaita da Hausa, cewa shi da kansa ya bincika wannan lamba a ofishinsa, ya same ta yadda aka faɗa.

Da Sallau ya zauna a nan, da yau yana Gaya yana cin kifi.

Mataki na bakwai: Kada ka kawo misali da mota a garin direbobi

Daɗin tafi ya ɗebe shi. Ya nannaɗe hannun kwat ya ƙara da cewa, "Jama'a, ku kawo kamiyo ko wace iri, ku loda buhunan nan daidai wa daida a kowane sawu. Wallahi sai wani buhu ya rage a ƙasa!"

Can gefe, kusa da kamiyon, wato babbar motar da ta kawo bencuna, wani dattijo yana zaune a kan taya yana jiran a gama ya kwashe kayansa. Auta ke nan, tsohon soja, direban rumbun gyaɗa. Ya cire asawaki daga baki.

"Malam, gafara. Wace gyaɗar? Ta bana?"

"Ta bana, Baba Auta."

"To ai ni na kwashe ta. Ba abin da ya rage."

Sallau ya gyara wuyan kwat ɗinsa.

"Baba, wannan zancen ilimi ne..."

"Ni ma zancen aiki nake yi. Saba'in da uku nake lodawa, ba ƙari ba ragi. Da tana budurwa saba'in da biyar take ɗauka. Na rage ɗaya saboda wurin taya, na rage ɗaya saboda hawan gada, don in ta ji nauyi tari take yi a gaban 'yan duwan masu binciken kaya, ni kuwa ba na son a ga tsufanta. Ranar ƙarshe na share rumbun da tsintsiya. Ko ɓawo ban bari ba."

Ansfekta ya yi gyaran murya. "Tsoho, sawu nawa ka yi? Ko ba ka sani ba?"

"Ranka ya daɗe, ni ban sani ba, amma igiya ta sani."

Ya hau gaban motar ya sauko da wata doguwar igiyar rama, baƙa ƙirin da man inji, ƙulli a jere tun daga kai har gindi. Kowane sawu in ya dawo, ƙulli ɗaya. Ƙarshen kaka ya kai wa magatakarda, shi kuma ya ƙirga ƙulli ya yi abin da yake yi da alƙalami.

Ka gane? Lambar da ka ɗauka marainiya ce, ashe haifarta aka yi a kan tebur, uwa da uba duk suna raye.

Sarkin gari ya ce a ƙirga. 'Yan aji biyar suka kama igiyar, suna rerawa baki ɗaya kamar karatun safe, iyaye suna tayawa. Ɗari da talatin da bakwai. Darakta, wanda bai taɓa ba da alli da son ransa ba, ya ciro mabuɗi daga wuya ya miƙo sabuwar sanda ful, yana murmushi. Aka buga saba'in da uku sau ɗari da talatin da bakwai a ƙarƙashin manyan sifiran nan. A layin baya wata mata, mai rubuto maka wannan, ta riga ta gama lissafin a gefen takardar gayyata, amma ba a tambaye ta ba, sai ta ninke takardar ta sa a jaka.

Dubu goma da ɗaya. Ko ƙwaya ba ta rage ba.

Tela ya cire hularsa a hankali ya zauna a kai.

Mataki na takwas: In lamba ta rabu, kai kada ka rabu

Kada ka suma, kwat ɗin ba naka ba ne. Kada ka gudu, garin gada ɗaya gare shi kuma akwai jandarma a kai.

Sallau ya ce, da muryar da shi kansa bai san ta ba, "Wato... wannan wani jinsi ne na dabam. Lamba mai iyaye biyu kacal. Ba kowace ke da wannan ba." Abin mamaki, wannan gaskiya ce, ita ce ma gaskiya mafi tsabta da ya faɗa a ranar, amma ba wanda ya ji, don muryar Bibata ta riga ta taso daga cikin mata:

"Ashe ba ma sai da gatari ba!"

Dariya ta kece. A nan ne za ka ga amfanin mataki na shida. Mutum ɗaya ne a filin ba ya dariya ban da Sallau, shi ne wanda ya shaida da harsuna biyu cewa ya bincika a ofishinsa. Ansfekta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya miƙe ya fara tafi shi kaɗai, a hankali, har kumandan ya ga ba dama ya taya shi.

"Jama'a," in ji shi, "kun ga sabon salon koyarwa. Ni da Malam Sallau muka shirya wannan tun wajen cin abinci, don yara su koyi cewa ba a yarda da magana sai an gwada. Ko ba haka ba, Malam?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Har da ni a shirin?" in ji Auta.

"Har da kai, tsoho. Ka yi ƙoƙari."

"To madalla. A sauka daga bencuna, magariba na zuwa."

Sallau ya koma gida ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Ansfekta ya riƙe hannunsa a gaban kowa, ya ce ba zai manta da shi ba. Bai manta ba kuwa.

Mataki na tara: Karɓi girmanka

Bayan kwana goma takarda ta iso da hatimi biyu. Ta ce malami mai irin wannan basira bai dace ya zauna ƙarƙashin kowa ba. Don haka an naɗa Malam Sallau darakta. Na lakwal ɗin Junju. Ya kama aiki nan take.

Babban mutum ba ya son haɗuwa kowace shekara da wanda ya san abin da aka faɗa wajen cin abinci. Wannan ba ya cikin littafin lissafi, amma ka rubuta shi a bangon farko.

Sallau ya karanta wa Bibata takardar, ya tsaya ya maimaita kalmar darakta ko za ta taimaka.

"Fofo, Darakta," in ji ta, wato sannu. "Allah ya sanya alheri."

"Matar darakta fa ana ba ta kujera a gaba."

"A gaban me? Akwai ruwa?"

"Akwai rijiya."

"Ka taɓa ganin an jefa taru a rijiya?"

Ta ɗaure masa kifi banda cike da kwando, ta dafa masa guzuri, ta raka shi har tasha, ta tsaya har motar ta ɓace, ta share ido da gefen zane ta ce hayaƙin mota ne. Sannan ta koma bakin kogi. Yanzu duk hutu Darakta yakan hau keke ya zo ya ga matarsa, ya iso da ƙafafu a kumbure, ya koma da kwando.

A Junju yana da ofis, wato inuwar gawo, da akwatin alli wanda mabuɗinsa ke wuyansa. Ɗalibansa bakwai ne. Ya gwada su ta kowace hanya, da gaske ba sa rabuwa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ta yi alkawarin suna da girma, kuma ga su an samu. Ba ta ce a ina ba. Duk abin da ya same ka ta dalilin bin matakan nan, na kunya ne, na canjin gari ne, ko na cin tuwo kai kaɗai, babu hannunta, ba ta san ka ba, in kun haɗu a hanya ma ƙasa za ta duba. Masu hulunan nan shida su nemi tela. Wanda kuma ya ga lalle an cuce shi, ya rubuta ƙara da kyakkyawan rubutu ya aika Doso. Ansfekta da kansa yake karantawa, kuma lakwal ɗin Junju tana neman malami na biyu.